Ba waya ce ta hana baƙar fatar Amurka barci ba

Wata takarda aka miƙo mana a wani ƙaramin asibitin unguwa a nan Bronx, a birnin Niyok, ranar da na raka wata ƙanwata duba hawan jininta. Shawarwari ne kan yadda mutum zai samu barci mai daɗi: ajiye waya tun kafin ka kwanta, kada ka sha kofi da yamma, ka riƙa kwanciya lokaci ɗaya kullum, sannan ka tabbatar ɗakinka shiru yake, da duhu da sanyi. Ta karanta har ƙasa, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, shi shirun a wane kanti ake sayar da shi?" Tagar ɗakinta babban titin Cross Bronx take kallo, wanda tireloli ba sa ɗauke ƙafa a kansa dare da rana.

Ma'aikaciyar da ta ba mu takardar ba ta yi laifi ba, shawarwarin kuma ba ƙarya ba ne. Tunanin da ke bayansu ne ya ɓata mini rai, wato duk wanda bai samu barci ba shi ya ja wa kansa.

Ni ban yarda ba. Ƙarancin barcin da ke cin manyan baƙar fata a ƙasar nan, wani kaso mai nauyi nasa daga unguwa yake shigowa ta taga. Hayaniyar unguwar kuwa ba daga sama ta faɗo ba, hukuma ce ta zana inda za ta bi. Saboda haka gyaranta aikin hukuma ne, kuma da injuna da tituna da gidajen haya ya kamata a fara, kafin a zo kan maƙwabci mai kiɗa.

Giɓin da ake magana

Likitocin barci na Amurka sun daidaita a 2015 cewa babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7 a dare. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta yi wa jama'a a 2014, sai aka ga wajen mutum 67 cikin 100 na fararen fata suna samun hakan. A baƙar fata kuwa 54 ne.

Wannan abin da mutane suka faɗa da bakinsu ke nan, baki kuwa yana ƙari yana ragi. A Shikago an ɗaura wa mutane masu matsakaicin shekaru na'ura a hannu tana auna barcinsu, Diane Lauderdale da abokan aikinta suka buga sakamakon a 2006. Mata farare awa 6.7, maza farare 6.1, mata baƙaƙe 5.9, maza baƙaƙe 5.1. Birni ɗaya, amma tsakanin na sama da na ƙasa akwai fiye da awa ɗaya da rabi.

Ta ɓangaren ƙara, Joan Casey da tawagarta a Jami'ar Kalifoniya sun ɗora taswirar hayaniyar ƙasar a kan taswirar ƙidayar jama'a a 2017. A cikin birane, unguwar da kashi 75 na mazaunanta baƙar fata ne, ƙarar darenta ta kai desibel 46.3 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Unguwar da babu baƙar fata, 42.3.

Na san mai karatu zai ce, desibel 4 kacal? Ma'aunin ba irin na mudu ba ne. Duk ƙarin desibel 3, ƙarfin sautin ya ninka ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2009 ta ce ƙarar dare a wajen ɗakin kwana ya kamata ta tsaya ƙasa da desibel 40. Ka ga duka biyun sun haura, amma ɗaya ya yi nisa.

"Ai mutum yana sabawa"

Wannan ce maganar da na fi ji a bakin mutanenmu. Wanda ya tashi a Fagge ta Kano ko Nima ta Akara zai yi dariya ya ce, mu da muka yi barci da janareton maƙwabci a gindin taga da lasifikar biki har asuba, titi ne zai dame mu? Kwana uku ka saba.

Abin da ke sabawa hankalinka ne. Ka daina tsaki, ka daina tuna cewa an tashe ka. Jiki bai saba ba. Ido yana da fatar rufewa, kunne ba shi da ita, kuma ƙwaƙwalwa tana ci gaba da sauraro ko kana tsakiyar mafarki. Tirela ta taka birki, bugun zuciya ya ɗan ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, ka fito daga barci mai nauyi ka koma marar nauyi na 'yan daƙiƙu, ka juya, ka ci gaba. Da safe a tambaye ka ka rantse ko motsi ba ka yi ba. Amma sai ka ga ka tashi da ciwon kai, kana hamma tun hantsi, yaro ya yi ƙaramin abu ka daka masa tsawa.

A birnin Mainz na Jamus an gwada wannan a kan lafiyayyun mutane. An ba su na'ura suka kai gida, tana kunna musu ƙarar wucewar jirgin sama sau 30 ko sau 60 a dare. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna da safe jijiyoyin jininsu ba sa buɗewa yadda suka saba, sinadarin firgita na adirenalin kuma ya ƙaru a jininsu. Dare ɗaya fa. To ina ga wanda ya yi shekara ashirin?

Ga inda abin ya fi shafarmu. A ƙa'ida, in mutum ya yi barci, ƙarfin bugun jininsa yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Hutun zuciya ke nan. Likitoci sun daɗe da lura cewa a baƙar fatar Amurka an fi samun waɗanda nasu ba ya sauka da dare, kuma fiye da rabin manyansu suna da hawan jini. Shekara da shekaru ana ɗora wa gishiri da ƙiba da gado. Duk suna ciki, ban musa ba. Amma da wuya ka ji likita ya tambayi majinyaci me yake ji da ƙarfe uku na dare.

"Talauci ne, ba launin fata ba"

Akwai gaskiya a nan. Bature talaka da ke zaune gefen layin dogo shi ma yana shan ƙara, injin bai san launi ba. Tambayar ita ce yadda aka yi injin ya fi yawa a wasu unguwanni.

A shekarun 1930 wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi, alamar cewa ba da bashi a nan kasada ce. Kuɗi suka daina shiga, gidaje suka tsufa, farashin fili ya faɗi. Da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar manyan hanyoyi ta 1956, injiniyoyi suka zo neman inda fili yake da araha kuma mutanen ba su da bakin ƙi. Ba su sha wahalar nema ba. Overtown a Miami, Rondo a St. Paul, titin Hastings a Detroit, unguwa ta 15 a Syracuse, duk haka aka ratsa su.

Labarin titin Claiborne a New Orleans ya fi tsaya mini a rai. Faffaɗan titi ne a unguwar Tremé, tsakiyarsa layi-layi na manyan itatuwan inuwa, gefe da gefe shagunan baƙar fata ne da gidajen abinci da wuraren kiɗa. A nan suke bukukuwansu a zamanin da ba a maraba da su a cikin gari. A 1966 aka zo aka sare itatuwan, aka kafa gadar sama ta babbar hanyar I-10 a kan titin. A daidai wannan lokaci an shirya wata hanyar da za ta bi bakin kogi ta gaban tsohuwar unguwar Faransawa. Masu faɗa a ji suka tashi tsaye, a 1969 aka soke ta. Ta Claiborne tana nan har yau, motoci na gudu daidai saitin tagogin mutane. A jikin ginshiƙan kankarenta mazauna sun zana hotunan itatuwan da aka sare.

Ita Cross Bronx ɗin tamu labarinta ya ɗan bambanta, kuma adalci ne a faɗa. Lokacin da Robert Moses, jami'in da ke jagorantar manyan gine-ginen Niyok a wancan zamani, ya ratsa da ita ta unguwar East Tremont, yawancin mazauna wurin Yahudawa ne masu ƙaramin ƙarfi. Masu hali suka tattara suka bar unguwar. Waɗanda ba a yarda a sayar musu da gida a bayan gari ba, baƙar fata da 'yan Puerto Rico, su suka gaji ƙarar. Daga baya mu baƙi daga Gana da Nijar da Najeriya da Gambiya muka zo muka same su, don nan ne haya take da dama-dama. Ko hanya ta bi mutane ko mutane a tura su bakin hanya, sakamakon ɗaya ne.

Kuɗi ma ba su cika fitar da mutum ba. Chandra Jackson ta nuna a 2013 cewa farar fata in ya hau matsayi a wurin aiki barcinsa yana gyaruwa, amma baƙar fata in ya hau, ƙarancin barcin ƙaruwa yake. Ba zan ce ƙara ce ta jawo wannan ba, akwai damuwa da ƙoƙarin nuna ka cancanta da nauyin dangi. Sai dai ya isa ya rushe maganar cewa talauci ne kawai. Unguwannin da baƙar fata masu rufin asiri suka samu damar sayen gida a da, irin su East Elmhurst a gindin filin jirgin LaGuardia da Inglewood a ƙarƙashin hanyar saukar jiragen Los Angeles, ba shiru ne ya yi musu yawa ba.

"Su ne ke yin hayaniyar da kansu"

A nan ake so a kama mutum. Za a ce wa yake kunna kiɗa a mota har tagogi na rawa? Wa yake cire salansa? Wa yake harba wasan wuta tun daga Yuni har bayan bikin 'yancin kai na 4 ga Yuli? Turawa ne suka zo daga wani gari?

A'a. Maƙwabtanmu ne, wani lokacin 'ya'yanmu. Wanda ya ajiye lasifika a bakin titi har uku na dare azzalumi ne, ko wane launi ne shi, kuma tsohuwar da ke bene na biyu da za ta fita aiki da asuba ita ma baƙar fata ce. Mu da aka yi wa horo da haƙƙin maƙwabci ba ma buƙatar wani ya fassara mana wannan. Ban ga dalilin kare shi da sunan al'ada ba.

Amma kiɗa na ƙarshen mako ne da lokacin zafi. Tirela ta kullum ce. Jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi, wanda in ya zo kwana ƙarfensa ke kuka har cikin haƙori, ba ya hutun Asabar, jiragen ƙasan Niyok kwana suke suna aiki. Ga kuma jiniyar motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, da motar shara mai ƙugi tun kafin kiran sallah, da jirgi mai saukar ungulu na 'yan sanda da ke shawagi a kan rufi. Waɗannan babu wanda ake kira a kansu. In aka tashi yaƙi da hayaniya sai a bar jaki a koma dukan taiki.

Kuma dukan yana da tarihi mai ɗaci. A 2015 wani tsohon cocin baƙar fata a yammacin Oakland ya samu takardar gargaɗin tara daga hukumar birni, saboda an kai ƙarar cewa atisayen mawaƙansa ya cika ƙara. A 2019 a unguwar Shaw ta Washinton, wani shagon waya da ya yi shekaru yana kunna go-go, kiɗan baƙar fatar birnin, a ƙofarsa ya kashe shi, bayan ƙorafi daga wani sabon bene na masu kuɗi. Jama'a suka fito, kiɗan ya dawo, a 2020 ma birnin ya ayyana shi kiɗansa na hukuma. Mafi muni, a Nuwamban 2012 a Jacksonville ta jihar Filorida, wani mutum ya harbe Jordan Davis, ɗan shekara 17, a gidan mai, bayan gardama kan ƙarar kiɗan motar da yake ciki.

Shi ya sa baƙar fata da yawa in suka ji an ce "hayaniya" sai su ɗaure fuska, don sun san sau da yawa kalmar share fage ce ta korarsu. Shi ya sa kuma uwa za ta gwammace ta kwana ido biyu da ta kira 'yan sanda a kan yaran maƙwabta. Ta san abin da zai iya biyo baya. Wannan tsoron shi kansa yana cikin abin da ke hana barcin.

Birnin Niyok ya fara kafa kyamarori masu kunne, suna ɗaukar lambar motar da ƙararta ta wuce desibel 85, tarar farko dala 800. Ina goyon baya, don na'ura ba ta ja da kowa a bakin titi. Sharaɗina ɗaya: a kafa su inda ƙarar take, ba inda masu yawan kiran layin ƙorafi na 311 suke ba. Unguwar da ta iya ƙorafi daban, unguwar da ta fi shan wahala daban.

"To ka toshe kunne, ko ka tashi"

Mace mai jariri, ita kaɗai a gida, ba za ta toshe kunne ba. Wanda ke zaune a tsohon bene yana so ya ji ƙararrawar gobara. Da zafi kuma zaɓi biyu ne: ka rufe taga ka kunna na'urar sanyaya ɗaki kuɗin wuta ya zo ya kama ka, ko ka buɗe titi ya shigo har kan gado.

Maganar tashi ba ta buƙatar amsa. Wanda ya taɓa neman ɗaki a Niyok ya sani.

Akwai kuma masu kwana a wurin aiki, kuma baƙar fata sun fi yawa a cikinsu fiye da kasonsu. Mu ma nan muke: direban tasi, mai gadi, mai jinyar tsofaffi a gidajensu, mai shirya kaya a sito. Zai dawo bakwai na safe, ya yi wanka, ya ja labule, ya kwanta. Bakwai ɗin nan ita ce lokacin da dokar birni ta ba magina damar tayar da injin fasa kankare, har shida na yamma. Dokokin hayaniya duk an rubuta su ne da tunanin cewa kowa da dare yake kwana.

Ba na so a fahimce ni cewa ƙara ce komai. A binciken zuciya na Jackson a jihar Misisipi, wanda ke bin lafiyar dubban baƙar fata tun 2000, Dayna Johnson ta gano kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada yana da ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci mai ƙarfi ko matsakaici, kuma kashi 95 cikin 100 nasu ba a taɓa gaya musu ba. In matarka ta ce minsharinka yana yankewa kamar an shaƙe ka, malam, je a gwada ka, kada ka ɗora wa titi.

Wa ya kamata ya motsa

Amurka ta taɓa ɗaukar ƙara a matsayin gurɓata muhalli. Ta yi doka a 1972, ta buɗe ofishi a hukumar kare muhalli. Gwamnatin Reagan ta yanke masa kuɗi, ya rufe a 1982, aka ce jihohi da birane su ji da abinsu. Dokar tana nan a rubuce, ofishin ne babu. A maido shi, ko don a samu mai aunawa.

Katangun tare ƙara da ake gani a gefen manyan hanyoyi ma akwai wayo a ƙa'idarsu. Tilas ne a duba buƙatarsu in za a yi sabuwar hanya ko a faɗaɗa tsohuwa. Hanyar da aka gina tun kafin ƙa'idar, in jiha ta ga dama ta yi mata, in ba ta ga dama ba shi ke nan. Waɗanne hanyoyi ne tsofaffin? Su ne dai na 1950 da 1960 da aka ratsa unguwannin baƙar fata da su. Sabuwar hanyar bayan gari ta samu katanga, ta cikin gari ta samu haƙuri.

Haka filayen jirgi. Hukumar jiragen sama tana taimakawa a sauya wa gidaje tagogi da ƙofofi masu tare sauti, amma sai matsakaicin ƙarar wurin ya kai desibel 65. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 ta ce ƙarar jirgi ta tsaya ƙasa da 45. Duk wanda ya faɗa tsakanin lambobin nan biyu ba shi da kowa.

Kuma ba abin da ba zai yiwu ba ne. Rochester ta cike wani ɓangare na hanyar da ta zagaye tsakiyar garinta, ta mayar da shi titi da gidaje, aikin ya ƙare a 2017. Syracuse ta fara aikin kawar da gadar I-81. Damuwata da irin wannan aikin ɗaya ce: in shiru ya zo, haya tana tashi, sai waɗanda suka sha ƙarar shekara hamsin su zama su ne ba za su iya zama ba. In ba a haɗa aikin da kare 'yan haya ba, an gyara wa wasu unguwa ne.

Akwai ƙananan abubuwa masu saurin yi: hana manyan motoci ratsa layukan gidaje da dare, kwalta mai rage ƙarar taya, motocin bas masu lantarki, tilasta wa mai gidan haya da ke bakin babbar hanya ya sa taga mai gilashi biyu kamar yadda ake tilasta masa ya ba da ɗumi da hunturu.

Mu kuma namu ƙungiyoyin, na 'yan Zango da na 'yan Nijar da na 'yan Arewa, mun iya tara kuɗin suna da na kai gawa gida, Allah ya saka. Amma zaman majalisar unguwa ba ma zuwa, muna ganin na 'yan ƙasa ne. Bronx tana da irin waɗannan majalisu 12, suna zama wata-wata, ƙofa a buɗe take, kowa yana iya rubuta sunansa ya yi magana. Shawara kawai suke bayarwa, gaskiya ne, amma a can ake fara jin maganar hanyar da tireloli za su bi, da wanda ke neman lasisin buɗe mashaya a ƙasan benenka.